Ajin Kimiyya a Babbar Sakandare: Abin da Takarda ke Nema da Abin da Makaranta ke Bayarwa

Kowace shekara idan aka dawo daga dogon hutu, akan raba yaran da suka shigo aji huɗu na sakandare gida uku: 'yan kimiyya, 'yan adabi da 'yan kasuwanci. A wasu makarantun sakamakon jarrabawar aji uku ake dubawa, musamman makin Lissafi da na kimiyya. A wasu kuwa tambaya ce kawai, mai son zama likita ya ɗaga hannu, sai hannuwa su tashi rututu, a ƙirga iya waɗanda ɗaki zai ɗauka, a kora sauran gaba. Yaron da ake yi wa wannan rabo bai wuce shekara 14 ko 15 ba. Bai taɓa ganin kundin sharuɗɗan JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ba, wataƙila mahaifinsa ma bai taɓa gani ba, alhali hukuncin da aka yanke a wannan safiya shi ne zai buɗe masa ƙofofin jami'a ko ya rufe su bayan shekara uku.

Tsarin ya samo asali ne daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta haifar da tsarin karatu na 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982. A ƙaramar sakandare kimiyya darasi ɗaya ce a dunƙule, a taɓa jikin ɗan'adam, a taɓa haske da zafi, a taɓa ruwa da iska. Sai a aji huɗu take rabuwa uku, Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kowanne da malaminsa da littafinsa da ɗakin gwajinsa. Haka dai takarda ta ce.

Hukumar WAEC ba ta yarda ɗalibin makaranta ya yi rajistar ƙasa da darasi takwas ba, ba ta kuma yarda ya wuce tara ba. Manhajar da hukumar NERDC ta fitar, wadda aka fara koyarwa a 2011, ta ɗora wa kowa darussa huɗu na dole: Turanci, Lissafi, ilimin zama ɗan ƙasa, da sana'a guda daga cikin jerin sana'o'i 34. Ɗan kimiyya ya ɗora Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a kai, sun zama bakwai. Gurbi ɗaya ko biyu ya rage masa, kuma masu neman gurbin suna da yawa: lissafi mai zurfi, aikin gona, labarin ƙasa, zanen fasaha, kwamfuta, ilimin addinin Musulunci, Hausa. A makarantunmu galibi addini da Hausa ko aikin gona ne ke cike gurbin, saboda akwai malamansu kuma yara na samun maki a cikinsu. Lissafi mai zurfi shi ke kwana a waje. Babu jami'ar da za ta kori yaro don bai yi shi ba, amma wanda ya shiga tsangayar injiniya bai taɓa shi ba zai ji a jikinsa tun zangon farko, domin abin da 'yan ajinsa suka fara gani a aji biyar shi sai ranar yake haɗuwa da shi.

A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sake sanar da sabuwar manhaja. An rage sana'o'in zuwa shida, ciki har da haɗa wutar sola da gyaran waya da kwamfuta da kiwon dabbobi, an sauya wa ilimin zama ɗan ƙasa suna da fasali, an kuma shigo da fasahar zamani cikin darussan dole. Rage lodin abu ne mai kyau. Sai dai ga ɗan kimiyya lissafin bai sauya ba, sai ma ƙara matsewa da ya yi: na dole biyar, kimiyya uku, saura gurbi ɗaya tak.

Wanda ke son ya gane abin da ake nema a ajin kimiyya, daga ƙarshe zai faro ya dawo baya, wato daga ƙofar jami'a. Sharaɗin da kowa ya haddace shi ne kiredit biyar. Abin da ba kowa ya riƙe ba shi ne biyar ɗin suna da suna. Ga mai neman likitanci, haɗa magunguna, aikin jinya ko gwajin jini, su ne Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kiredit kuma daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 an ci, amma cin da ba ya kai mutum ko'ina. Yaro zai iya fitowa da A1 a Hausa da addini da aikin gona da sana'a, takardarsa ta yi kyau a ido, 'yan uwa su yi ta sambarka, amma D7 guda a Fiziks ta hana shi shiga ko da makarantar koyon jinya.

Sai batun zama. Yawancin kwasa-kwasai sun yarda a haɗa sakamako biyu, a ɗauki Kemistiri daga WAEC a cike da Fiziks daga NECO. Jami'o'i da dama kuwa ba sa karɓar haka a likitanci, sai biyar ɗin sun fito a zama ɗaya. Ko inda aka yarda da zama biyun, sauƙin na mai hali ne. Ɗan talakan da ya dogara da gwamnatin jiha ta biya masa NECO, bayan ya tsallake jarrabawar tantancewa a aji biyar kamar yadda ake yi a Kano, harsashi ɗaya gare shi.

Bayan wannan sai JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darasi huɗu ake rubutawa, maki 400, Turanci dole ne, sauran ukun kuma kwas ne ke zaɓa wa ɗalibi, ba shi ke zaɓa ba. Mai son likitanci zai rubuta Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, babu Lissafi a ciki, ko da yake ana neman kiredit ɗinsa a takardar sakandare. Mai son injiniya zai rubuta Lissafi da Fiziks da Kemistiri, ba ruwansa da Bayoloji. Mai son kimiyyar kwamfuta, wanda yake ganin ya iya danne-danne a waya, zai tarar Lissafi da Fiziks ake tambayarsa. Duk shekara akwai yaran da suke samun maki mai tsoka su rasa gurbi, don kawai mai shagon intanet ɗin da ya cike musu fom ya haɗa musu darussan da ba su dace da kwas ɗin ba. Akwai kuma tarkon aikin gona. Makarantar da ba ta da malamin Bayoloji takan ce wa yara ai aikin gona ya wadatar. Ya wadatar ga mai son karatun noma a jami'o'i da yawa, amma ba ya maye gurbin Bayoloji ga mai son aikin asibiti.

Idan aka jera waɗannan sharuɗɗa aka dube su da kyau, suna ɗaya ne yake ta maimaituwa. Wanda ya ajiye Bayoloji ya rufe ƙofar asibiti, amma ta injiniya na nan a buɗe. Wanda ya ajiye Fiziks ya rufe duka biyun, ya haɗa da ta kwamfuta da ta zanen gine-gine. Kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar, domin Fiziks ɗin da kusan kowace ƙofa ke nema shi ne darasin da aka fi rasa mai koyar da shi, musamman idan aka bar manyan birane. 'Yan kaɗan ne ke karanta shi a jami'a, da yawansu ma ba shi suka nema ba, tura su aka yi bayan sun rasa injiniya. Wanda ya gama kuma ya iya, ba ya ɗokin zuwa ƙauye kan albashin malami. Sai a ɗauki malamin Lissafi a ce ya riƙe, ko a jira ɗan bautar ƙasa. Ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya zai yi, cikinta akwai makonnin sansani da hutu, ya tafi a tsakiyar manhaja, wanda zai gaje shi kuma wataƙila tarihi ya karanta. Fiziks kuwa ba ya son giɓi. Wanda bai fahimci motsi da ƙarfi a aji huɗu ba, lantarki da maganaɗisu na aji biyar da shida haddar baƙaƙe kawai za su zame masa.

Ga 'yan mata abin ya fi ciwo. Kowa a Arewa na kukan ƙarancin mata likitoci da ungozomomi, magidanta da yawa ba sa son namiji ya duba iyalinsu. To amma Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya kiredit biyar ɗin nan take nema, da Fiziks a ciki. Makarantar 'yan matan da ba ta da malamin Fiziks ta riga ta yanke hukuncin cewa babu ungozoma mai takarda da za ta fito daga cikinta, sai wadda iyayenta suka iya biyan kuɗin darasi a waje.

Kowanne daga cikin darussan uku yana da takardar gwajin aiki, wadda yara ke kira firaktikal, kuma a nan ne ake gane makarantar da ke koyar da kimiyya da wadda ke karanta labarinta. A ɗauki Kemistiri. Ɗalibi zai tarar da doguwar kwalbar awo mai famfo a gindi an kafe ta a tsaye, ya cika ta da asid, ya duba inda ruwan ya tsaya ya rubuta. Ya zuƙo ruwan alkali daidai awo da siririyar kwalba, ya juye a wata mai faɗin gindi, ya ɗiga maganin launi ɗigo biyu ko uku, ruwan ya koma ɗorawa. Daga nan hannun hagu na kan famfo, na dama na kaɗa kwalba, asid na sauka a hankali. Da ya kusa sai ya rage, ɗigo ɗaya, ya kaɗa, ɗigo ɗaya, ya kaɗa, har launin ya juya zuwa ruwan lemo. Ɗigo guda ya wuce, ruwan ya yi ja, aiki ya ɓaci, sai a sake. Zai maimaita har sai awon ya zo kusa da juna, sannan ya fitar da matsakaici ya shiga lissafi. Malamin makarantar ma yakan yi nasa gwajin ya aika da sakamakonsa, da shi ake auna na yaran.

Wannan aiki hannu ne ke koyonsa, ba kunne ba. Yaron da ya yi shi sau da yawa cikin shekara uku ba ya ko tunani. Wanda bai taɓa riƙe kwalbar ba sai ana saura mako guda jarrabawa, bayan hukuma ta aiko wa makaranta jerin kayan da za a tanada an ruga an aro daga maƙwabta, hannunsa rawa zai yi. Abin da kan biyo baya kowa ya sani: a rubuta adadin a allo, yara su kwafa, a ɗan sauya lambar ƙarshe don kada ta zo iri ɗaya. Haka a Fiziks, inda ya kamata yaro ya rataya ɗan ƙarfe a zare ya ƙirga lilonsa da agogo, ko ya kafa allurai ya bi hanyar haske ta cikin gilashi, sai a ba shi jadawalin da aka riga aka cike ya zana hoto. Kiredit ya fito, iyaye sun yi murna, makaranta ta manna sakamako a bakin ƙofa. Ranar da ya shiga ɗakin gwaji na jami'a asiri ke tonuwa. Shi ya sa makarantun share fage irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa ba sa rasa ɗalibai, suna sake koyar da abin da takarda ta ce an riga an koya.

Ba kullum kuɗi ne matsalar ba. Zare da ɗan ƙarfe da ma'auni ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. Bayoloji kuwa kayan aikinsa na bayan aji: fara, ƙadangare, kwaɗo, ganyen rogo, ƙwayar wake da ta masara. Malamin Kemistiri a Kano yana da marinar Ƙofar Mata, inda ake haɗa baba da toka da kanwa, yana da masu sabulun gargajiya, duk darasi ne a tsaye. Amma malamin da shi ma a allo aka koya masa, a allo zai koyar. Ga kuma Turanci, wanda da shi ake koyarwa da shi ake tambaya. Yaron da ya shigo aji huɗu bai iya karanta sakin layi ya faɗi ma'anarsa ba, ka miƙa masa littafin Kemistiri na Ababio ko na Fiziks na Anyakoha, ka haɗa shi da yaƙi biyu a lokaci ɗaya. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa ba su da kan kimiyya, harshen ne ya kayar da su tun kafin su kai ga kimiyyar.

An taɓa fuskantar wannan matsala gaba da gaba, kuma a Arewa aka yi. A tsakiyar shekarun 1970 tsohuwar Jihar Kano ta duba ta ga ba ta da 'yan asalin jiha likitoci da injiniyoyi da za su riƙe asibitoci da ayyukanta. A 1977, zamanin mulkin Kanar Sani Bello, aka buɗe makarantun kimiyya biyu na maza a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka ba su hukumarsu ta daban. Daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda ta faɗa Jigawa da aka raba jihar a 1991. Dabarar ba ta da wuyar faɗi: a zaɓo yara ta hanyar jarrabawa daga sauran makarantu, a tara su wuri ɗaya a kwana, a tara musu malamai har daga ƙasashen waje, a gina ɗakunan gwaji na gaske, a kuma hana kowa gudun Fiziks ko Kemistiri. Ba a rasa masu suka ba. An ce ana fifita 'yan kaɗan a kan jama'a, shugabannin sauran makarantu kuma ba su ji daɗin kwashe musu haziƙan yara ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a kan waɗannan makarantu, ya bi tarihinsu na shekara goma na farko. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma duk wanda ya san asibitoci da jami'o'in Kano da Jigawa ya san yawan likitoci da injiniyoyi da malaman da suka fito daga Dawakin biyu. Wasu jihohin ma sun kwaikwayi tsarin.

Abin da ya sa ya yi aiki shi ne an yarda da gaskiya mai ɗaci: malaman kimiyya ba su isa a raba wa kowace makaranta ba, don haka gara a tara su inda za su yi amfani. Yau akasin haka ake yi. Kowace sakandare, ta gwamnati da ta kuɗi, tana son a ce tana da ajin kimiyya, domin iyaye shi suke tambaya. Gida mai ɗaki shida an kafa masa allo, an rubuta kwalejin kimiyya. Ni da za a bi shawarata, babu makarantar da za a bari ta yi wa yaro rajistar Fiziks sai masu duba makarantu sun ga malamin da idonsu, sun kuma ga kayan gwajin a ranar da ba a sanar da zuwansu ba. Inda ƙaramar hukuma ke da sakandare biyar da malamin Fiziks ɗaya, a mai da ɗaya cibiya, yaran sauran su riƙa zuwa.

Akwai wani gefe da ba a cika magana a kai ba. Kafin manhajar 2011 kowane ɗalibi sai ya ɗauki darasin kimiyya aƙalla ɗaya, shi ya sa kusan duk wanda ya yi sakandare a wancan zamani ya yi Bayoloji, ko da lauya ya zama. Yanzu ɗan ajin adabi zai iya gamawa bai sake jin kimiyya ba tun aji uku. A Ghana, wadda muke rubuta WAEC tare, an daɗe ana sa dunƙulalliyar kimiyya cikin darussa huɗu na dole ga kowa. Ina ganin sun fi mu dabara a nan. Alƙali da ɗan jarida da malamin addini da ɗan majalisa duk za su yi magana wata rana kan rigakafi da gwajin jini kafin aure da maganin ƙwari a gona, kuma jama'a za su saurare su fiye da yadda za su saurari likita.

A ɗaya hannun kuma mun mai da ajin kimiyya wurin nuna isa. Gwamnati da kanta ta ware kashi 60 cikin 100 na guraben jami'o'i ga kimiyya, 40 ga sauran fannoni, iyaye kuma suka ɗauka yaron da aka kai ajin adabi an ce masa daƙiƙi ne. Sai uba ya je ofishin shugaban makaranta ya yi ta magiya a mai da ɗansa kimiyya, yaron da Allah ya ba shi baki da alƙalami, ya shekara uku yana shan wuya, ya fito ba kiredit a Fiziks, ba kuma darasin adabin Turanci da zai nemi karatun lauya da shi. An yi ba wan ba ƙanen. Ko waɗanda suka cike sharaɗin ma ba duka ke samun abin da suke so ba, domin Majalisar Likitoci ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Kiredit biyar izinin shiga layi ne kawai. Ya kamata yaro ya san wannan tun yana aji huɗu, ya kuma san akwai aikin gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton ƙashi, gashin ƙashi, likitan dabbobi, kimiyyar ƙasa da ma'adinai, da sauran fannonin da darussan nan nasa ke kai mutum, waɗanda ba a taɓa ambata masa ba don makarantar ba ta da malamin ba da shawara.

Kundin sharuɗɗan JAMB yana shafin hukumar a intanet, kyauta ne, kowane kwas da darussansa da abin da kowace jami'a ta ƙara ko ta sassauta. Lokacin buɗe shi shi ne hutun da yaro ya gama aji uku, ba ranar sayen fom ba. Uban da ba ya karanta Turanci ya sami wani ɗalibin jami'a a unguwa ya zauna da shi da yaron su duba tare. Sannan kafin ya biya kuɗin zangon farko ya taka ya je makarantar, ya ce a nuna masa malamin Fiziks, ya tambayi shekararsa nawa a wurin, ya ce a buɗe masa ɗakin gwaji. Idan aka ce mai makullin ba ya nan, ya nemi wata makarantar.